Maganar Hannu a Gidan Malam Jibrin

Ranar da aka rufe makarantu saboda annobar korona, Malam Jibrin ya rufe rumfarsa ta kayan fata a kasuwar Kurmi tun kafin azahar, ya je ya ɗauko 'yarsa Bahijja daga makarantar kurame ta kwana. Matarsa Larai tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ɗinkin hula suka shigo, shi da akwatin ƙarfe a kafaɗa, ita rungume da bokiti. Larai ta ɗaga kai ta dubi yarinyar, ta ga ta ƙara tsawo har kayan makarantar sun ɗage mata, sai ta mai da idonta kan allura.

Ba wai ba ta yi murna ba. Bahijja ce 'yar farinta, a gidan da Larai ta tashi kuwa uwa ba ta sakin fuska ga 'yar fari, ba ta kama sunanta. "Yarinyar nan" take ce mata tun tana zanin goyo. Ana cikin haka sanƙarau ya kwantar da yarinyar tana da shekara uku, ta tashi da ranta amma ba ta tashi da jinta ba. Daga nan ko da Larai ta so kiran sunan, babu kunnen da zai ji. Kunya ta haɗu da rashin sanin abin yi, suka zama mata hali.

A gidan nan na unguwar Zaitawa akwai 'yar maganar da ake yi da Bahijja, amma ba ta wuce ta aike ba. A nuna baki, abinci ke nan. A nuna tsintsiya, shara. A yafito ta, a sallame ta. Kakarta Inna 'Yardada, mahaifiyar Malam Jibrin, ɗankwali take jefa mata in tana nemanta. Sauran magana duk a makaranta Bahijja ta same ta. A can ta koyi maganar hannu, ta iya karatu da rubutu, ta yi ƙawaye, har ta kai aji shida tana shirin jarrabawar shiga sakandare. In ta zo hutu zaman baƙunta take yi, don ta san ranar komawa. Wannan karon babu wanda ya san ranar.

Ba a jima ba aka kafa dokar kulle. Kasuwa ta mutu, Malam Jibrin ya koma zaman soro yana juya waya a hannu, ga zafin bazara, ga azumi ya kawo kai. Sai aka ce yara su bi karatu ta rediyo. Kullum da hantsi Mubarak, ƙanin Bahijja, zai shimfiɗa tabarma a inuwar katanga, ya ajiye rediyon babansu, wata malama tana magana daga ciki shi kuma yana rubutawa.

Bahijja ta ga fensir a hannun ƙaninta, ta gane karatu ake yi. Ta shiga ta ɗauko littattafanta, ta zauna kusa da shi ta buɗe. Ta dubi rediyon, ta dubi bakin Mubarak, ta leƙa abin da yake rubutawa. In ta taɓa shi ta yi masa tambaya da hannu sai ya ɗaga kafaɗa, don in ya tsaya mata malamar rediyo ba ta jiransa. Haka take zama har a gama, littafi buɗe a cinya, shafin fari fat. Larai tana gani ta gefen ido. Takan ce a ranta gobe ba za ta fito ba, gobe kuma sai ta fito.

Wata safiya Bahijja ta taso daga tabarmar ta tsaya a gaban uwarta, ta shiga magana da hannu, da sauri, fuska a murtuke. Ta nuna rediyo, ta nuna kanta, ta nuna ƙofar gida, ta yi wasu alamu da Larai ba ta taɓa gani ba.

"Inna, me take cewa?" in ji Larai.

"Ke da kika haife ta ba ki sani ba, ni ce zan sani? Ba ta koko, wataƙila yunwa ce."

Larai ta miƙa mata kofin koko. Bahijja ta dubi kofin, ta dubi uwarta. Ta juya ta sunkuci rediyon daga gaban Mubarak ta maka shi da katanga.

Malam Jibrin ya shigo daga soro ya ga rediyon a warwatse. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, amma ran nan ya mare ta. Ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki ta kwanta ta juya fuskarta bango. Mai ji in ya ba ka baya kana iya yi masa magana. Bahijja in ta ba ka baya shi ke nan, ta kulle ƙofa ta ciki. Abinci ma sai ta ga dama take taɓawa.

Inna ta ce a nemo mata rubutu, wannan ba yin kanta ba ne. Malam Jibrin, wanda tun marin nan ya kasa haɗa ido da kowa, ya lalubo lambar malamar ajinsu a wayarsa ya kira. Malama Zaituna ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Ranar da aka sassauta doka ina nan tafe. Kwatanta mini gidan."

A lokacin akan ba mutane 'yan sa'o'i a wasu ranaku su fita neman abinci. A irin wannan rana, cikin azumi, Malama Zaituna ta yi sallama. Gajeriyar mace ce mai jiki, ta haura hamsin, ta tako da ƙafa tun daga Goron Dutse don babu abin hawa. Ta shigo tana haki, takunkumi a fuska, gumi ya jiƙa mayafinta. Ta ce a shimfiɗa mata tabarma can nesa, gindin katanga. Da ta zauna sai ta cire takunkumin ta ninke.

"Malama, ba a hana cirewa ba?" in ji Larai.

"An hana. Amma maganarmu rabinta a fuska take. In na rufe baki da kumatu kamar na ɗaure hannu ɗaya ne. Ki taso mini ita."

Larai ta shiga ta taɓa ƙafar yarinyar ta nuna waje. Bahijja ta fito tana jan ƙafa, tana ganin wadda ke zaune ta zabura za ta faɗa jikinta. Malama ta ɗaga hannu ta tsayar da ita, ta nuna mata inda za ta zauna. Daga nan hannuwa suka fara aiki. Tsakar gidan shiru, ba ka jin komai sai ƙarar awarwaron Malama da numfashin Bahijja. Can sai yarinyar ta yi dariya, wata irin dariya mai ƙarfi da ba ta san tana da ƙarfi ba. Inna ta leƙo daga ɗakinta. Bayan dariyar kuma sai hawaye, tana magana tana sharewa da bayan hannu.

Malama ta juyo. "Maman Bahijja."

Larai ta sunkuyar da kai. Ba wanda ya taɓa kiranta haka.

"Kin san abin da take tambayarki ranar da ta fasa rediyo? Tambayarki take laifin me ta yi kuka cire ta daga makaranta. Mu a can mun ce musu hutun 'yan kwanaki ne, mu ma abin da muka sani ke nan. Ta ga kwanaki sun wuce, ƙaninta yana karatu ita ba ta yi. Ta ga babanta ba ya fita, mutane sun rufe baki, kullum ana wucewa da makara ta lungunku. Babu wanda ya gaya mata komai. Yarinyar nan tsoro ne ya cika ta."

Larai ta juya allurar a hannunta. Ta ce, "Mu ai ba mu iya ba."

"Na sani. Ni ma ba da shi aka haife ni ba. Yayana kurma ne, don shi na koya. Yanzu ina da yara a cikin ganuwar nan gida-gida, Jakara, Goron Dutse, nan. In na zo muku yau, sai an sake sassautawa. Sauran ranakun wa zai yi mata magana? Ajiye allurar nan ki matso."

"Haba Malama, da girmana? 'Yar fari ce fa."

"Ita ba ta san da wannan ba. Abin da ta sani kawai ba kya kallonta."

Sai Malama ta ƙara da cewa, "A wurinmu kowa yana da sunan hannu. Ni ga nawa." Ta ɗora yatsa biyu a kumatunta inda take da ɗan tabo. "Kina son ki ga naki?"

Ta yi wa Bahijja alama. Yarinyar ta sunkuyar da kanta ƙasa sosai, ta haɗa yatsu biyu ta ja zare a iska.

"Shi ne sunanki a makaranta," in ji Malama a hankali. "In tana ba ƙawayenta labarin gida, da shi take kiranki."

Larai ta tashi ta shiga madafa. Babu abin da ke kan wuta, azumi ake yi. Ta tsaya a ciki ta dafa bango. Da ta fito ba ta koma ƙofar ɗakinta ba, ta zauna a bakin tabarma.

Koyon bai zo mata da sauƙi ba. Yatsun da suka saba da allura sun ƙi miƙewa yadda ake so. Tana nufin ruwa ta yi wani abu dabam, Bahijja ta faɗi ƙasa da dariya. Inna tana daga gefe tana cewa, "Oh ni 'Yardada, gida ya koma na masu kaɗa hannu." A ranakun da Malama ta zo, takan raba lokacinta biyu: lissafi da Turanci ga Bahijja a kan ɗan allon da take ɗaukowa a jaka, sauran ga Larai. A ranakun da ba ta zo ba, Bahijja ce malama, kuma ba ta da sassauci. Takan kama yatsun uwarta ta lanƙwasa, ta ɗago mata haɓa in ta kau da kai. Tun yaye Larai ba ta tuna ranar da hannunsu ya daɗe a haɗe haka ba.

Aka gyara rediyon da salatif. Yanzu in malamar rediyo ta ba da lissafi, Larai ce mai saurare. Ba ta yi nisa a boko ba, firamare ta gama aka tsaya, amma tana iya rubuta lambobin a kan allo, ta ƙara da 'yan alamun da ta iya. Rabin darasin yakan wuce su. Rabin da suka kama Bahijja takan gama shi kafin Mubarak. Malam Jibrin ma ya koyi alama ɗaya, ta ban haƙuri, a dunƙule hannu a zagaya a ƙirji. Ya yi mata a soro inda ba kowa, Larai ta hango ta labule ta yi kamar ba ta gani ba.

Wata rana da la'asar suna tsince shinkafar buɗa-baki, Bahijja ta taɓa gwiwar uwarta. Ta nuna kunnenta, ta yi alamar tambaya: yaya aka yi?

Larai ta dubi hannuwanta. Kalmomin da take da su ba su da yawa. Ta jera su kamar yadda suka zo. Ke. Ƙarama. Zafi. Asibiti. Ta tsaya. Sannan ta nuna kanta, ta ja yatsu biyu daga ido zuwa kumatu, ta maimaita, ta sake maimaitawa.

Bahijja ta zuba mata ido. Ta tambaya: kafin nan ina magana?

Larai ta gyaɗa kai. Ta buɗe yatsu a bakinta tana rufewa da sauri, surutu, surutu, har ta toshe kunnuwanta ta yamutsa fuska. Bahijja ta yi murmushi, ta koma kan shinkafar. 

A goman ƙarshe na azumi Inna ta kwanta. Zazzaɓi, tari, abinci ba ya mata ɗanɗano. A lokacin tsofaffi suna ta tafiya a cikin gari, yau a ce liman kaza, gobe a ce tsohon ɗan kasuwa kaza, kowa da abin da yake cewa ya jawo. Malam Jibrin ya sayo magani a kemis ya ce kada maganar ta fita, yana tsoron a zo a ɗauke masa uwa a kai ta inda ba zai gan ta ba. Da zai fita soro ya juyo ya ce wa Larai, "Ki kira Malama ki ce ta dakata da zuwa, sai Inna ta warware."

Larai ta ce to.

Ta ɗauki wayar. A tsakar gida Bahijja tana goge allo, ta jera aikin da aka ba ta, gobe ranar zuwan Malama ce. Larai ta tuna yarinyar kwance fuska a bango. Ta ce a ranta mura ce kawai, Inna ai duk shekara sai ta yi. Kuma Malama can nesa take zama, ba ta shiga ɗakin kowa. Ta ajiye wayar.

Washegari Malam Jibrin ya fita neman abinci, Larai ta sauke labulen ɗakin Inna kafin Malama ta iso. Ana tsakiyar darasi tari ya sarƙe tsohuwar, mai tsawo, har da shaƙewa.

"Wa ke tari haka?" in ji Malama.

"Inna ce. Hayaƙin murhu ne ya shige ta."

Malama ta dubi labulen, ta dubi Larai. Ta ɗan ja tabarmarta baya, ta ce, "Allah ya sawwaƙe," ta ci gaba da darasi fuska a buɗe. Ta sake zuwa sau ɗaya kafin salla, ranar ma Malam Jibrin ba ya nan, ta kawo wa Bahijja ɗan kunne na roba, ta sha ruwa a gidan don ta makara har aka kira magariba.

Inna ta warware. Ranar salla har ta ci tuwo ta yi faɗan an cika gishiri.

Bayan salla ranar sassauci ta zo, Malama ba ta zo ba. Bahijja ta shimfiɗa tabarmar gindin katanga ta zauna a soro tana leƙen lungu har lokacin ya ƙare. Larai ta kira, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Wata ranar ma haka. A ta uku wata budurwa ta ɗauka, murya a dashe, ta ce ita Sa'adiyya ce, 'yar Malama. Mama ta rasu shekaranjiya, numfashi ne ya gagare ta, an kai ta tun ran nan.

Larai ta yi salati, ta zauna a inda take tsaye. Malam Jibrin ya ce, "Allah ya jiƙanta. Baiwar Allah, ashe ma da muka ce ta dakata ba ta da lafiya." Larai ta kau da kai.

Saura Bahijja. Tana soro tana jira.

Larai ta wanke fuska ta je ta zauna a gabanta. Sai a nan ta tuna Malama ta koya mata ruwa, da wuta, da gobe, da jiya, da sunayen launin zare, amma ba ta koya mata mutuwa ba. Ta ɗora yatsa biyu a kumatu. Bahijja ta gyara zama, idonta ya yi haske. Larai ta yi alamar ciwo. Ta kwantar da kunci a tafin hannu, barci. Bahijja ta gyaɗa kai: tana kwance, yaushe za ta tashi?

Larai ta girgiza kai. Ta sake yin barci, ta ɗaga hannu sama, ta nuna ƙasa, ta rasa yadda za ta yi, hannuwan suka tsaya mata a iska.

Bahijja ta daɗe tana kallon fuskarta. Sannan ta miƙo hannu ta kama na uwarta duka biyu. Ta shimfiɗa ɗaya tafinsa sama, ɗaya tafinsa ƙasa, ta juya su a tare, a hankali. Ta ɗaga gira: haka?

Larai ta maimaita da kanta. Haka.

Kukan da Bahijja ta yi har maƙwabta suka shigo. Larai ta riƙe ta a gaban kowa, a gaban Inna, ba ta sake ta ba.

Da aka ƙara sassauta doka suka tafi ta'aziyya su biyu. Damina ta fara, lungunan sun yi caɓi, suka bi gefe-gefe har Goron Dutse. Gidan ƙarami ne a gindin dutsen. A tsakar gida suka tarar da wasu yara uku daga makarantar, kowa da wanda ya rako shi. Bahijja ta nufe su, hannuwa suka tashi gaba ɗaya, iyayen suna zaune suna kallo kamar baƙi. Wata mata daga Jakara ta ga Larai tana bin hannuwan da ido, ta matso ta ce, "Don Allah in kina ganewa, me nawa yake cewa? Tun da aka yi rasuwar nan ya daina cin abinci." Larai ta duba ta ce, "Cewa yake ba su gama darasin raba lamba ba. Sauran ban kama ba." Matar ta rufe fuska da mayafi.

Sa'adiyya tana cikin ɗakin uwarta, budurwa mai kama da ita har gajartar. Larai ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta yi addu'a. Ya kamata ta tashi, ta kasa.

"Akwai maganar da zan gaya miki," ta ce. "Zuwanta biyu na ƙarshe gidanmu, surukata tana kwance da zazzaɓi da tari. Maigidana ya ce in kira ta in ce kada ta zo. Ban kira ba. Da ta tambaya na ce mata hayaƙi ne."

Sa'adiyya ta gyara zama ta dube ta.

"Mama tana da ciwon suga," ta ce. "Babu yadda ba mu yi ba ta zauna. Har takalminta na ɓoye, ta ɗauki silifas ɗina ta fita. Gidaje nawa take shiga, kasuwa ma tana ratsawa. Ban san inda ta ɗauko ba, ban ma san ko shi ne ba, ba a gwada ta ba. Ke ma ba ki sani ba." Ta share ido da gefen hijabi. "Kuma da kin kira, zuwa za ta yi. Na san uwata."

Larai ta ɗago.

"Amma da kin gaya mata," in ji Sa'adiyya. "Da ta zo da saninta."

"Ki yafe mini."

"Ni ba ni kika yi wa ba. Allah ya yafe mana gaba ɗaya."

A hanyar komawa Bahijja ta tambaye ta me suka daɗe suna faɗa a ɗaki. A da sai Larai ta ɗaga kafaɗa a wuce wurin. Yanzu tana da alamun da za su isa ta faɗa, tari, Inna, ƙarya, duk ta iya su. Ta ce: addu'a. Bahijja ta dube ta kaɗan fiye da yadda ya kamata, ta ci gaba da tafiya.

Watannin da suka rage suka yi su da abin da ya samu. Darasin rediyo ya yi nisa ya bar Larai a baya, ta kai inda ba ta gane abin da ake cewa balle ta mayar da shi hannu. Bahijja ta yi ta maimaita tsofaffin ayyukan da Malama ta bari har ta haddace su. Wani lokaci takan ajiye allon ta ce wa uwarta ta ba ta labari, kowane iri. Larai ta ba ta labarin bikinta, da na ranar da akuya ta cinye hular da ta yi wata tana ɗinkawa, da hannu da fuska da duk jiki. Inda kalma ta ƙare su ƙirƙiro tasu.

Da kaka aka buɗe makarantu. Bahijja ta koma, aka yi jarrabawar ba da daɗewa ba, ba ta ci ba. Aka ce ta maimaita aji shida.

Ranar ziyara ta farko Larai ta ce ita za ta je. Malam Jibrin ya dube ta da mamaki, ya tsayar mata da adaidaita. Ta tarar da Bahijja a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, ta ɗan rame. Suka zauna a kan benci, Larai ta buɗe kwanon dambun da ta kawo, yarinyar ba ta taɓa ba sai da ta gama ba da labari.

Ajinsu ya ragu, ta ce. Fatima, wadda gadonta ke kusa da nata, ba ta dawo ba, an ce an kai ta ƙauye wurin kakarta. Wasu ƙananan sun manta alamu da yawa, sai an fara musu daga farko. Sabon malaminsu saurayi ne mai kirki, amma bai iya hannu sosai ba, yakan juya wa aji baya yana rubutu yana magana da allo. In ya rasa alama ita yake tambaya. Ta ce wannan karon za ta ci jarrabawar. Ta ce a gaya wa Baba takalminta ya matse ta.

Larai ta gane kusan duka. Inda ba ta gane ba ta ce a sake, aka sake.

Da lokaci ya cika wani malami ya zagayo yana kaɗa jan ƙyalle, iyaye suka fara miƙewa. Bahijja ta rufe kwanon ta rungume shi, ta raka uwarta har bakin ƙofa, inda maigadi ya tsayar da ita. Larai ta fita ta tsaya a bakin titi tana jiran abin hawa, ta daɗe kafin ta samu mai zuwa cikin gari.